Yadda ake gina kanel na kanka domin wayar Android

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu gyaran waya a wajajen Kasuwar Dole ya san cewa yi wa waya filashi ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Ana kawo wayar da ta ƙi tashi, a sauko mata da manhajar kamfaninta, a zuba mata, ta farfaɗo. Wasu samari sun wuce nan, suna cire Android ɗin da waya ta zo da shi su sa mata rom irin LineageOS, wanda ya gaji CyanogenMod a ƙarshen shekarar 2016, domin wayar da kamfaninta ya daina kula da ita ta ci gaba da samun sabuntawa. Abin da har yanzu ba mu cika taɓawa ba shi ne wanda yake ƙarƙashin rom ɗin, wato kanel.

Kanel shi ne yake tsaye tsakanin ƙarafan waya da manhajojinta. Shi yake raba wa manhajoji lokacin furosesa da wurin zama a cikin RAM, shi yake magana da allo da kyamara da Wi-Fi ta hanyar direbobinsu, kuma ta wurinsa ake sanin yawan wutar da za ta shiga batir da lokacin da ya kamata waya ta rage gudu saboda zafi. Na Android asalinsa Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara a Finlan a shekarar 1991, kuma lasisinsa GPL na 2 ya wajabta wa duk kamfanin da ya sayar da waya mai ɗauke da shi ya bayar da rubutun asalin kanel ɗin, wato rubutun da injiniyoyi suka yi wanda daga shi ake gina kanel. Wannan sharaɗi shi ne ƙofar da muke shiga ta cikinta.

Dalilin da ya sa nake ganin ya kamata mu koyi ginin da kanmu, maimakon mu riƙa sauko da na wasu, shi ne yanayinmu. Yawancin kanel ɗin da ake rabawa a intanet an daidaita su ne domin wanda yake zaune a ƙasa mai sanyi, yana neman wasanni su yi gudu, kuma yana da wuta dare da rana. A nan kuwa, a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, caji yana wuya, kuma waya mai RAM giga 3 ko 4 ita ce a hannun yawancin mutane. Na taɓa sa wa wata tsohuwar wayata kanel na wani da aka sassauta masa iyakar zafi, ta yi gudu kwana biyu ina murna, bazara ba ta ƙare ba batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida guda wadda duk sauran bayanin nan yake tafiya a kanta: ka fara gina kanel ɗin yadda yake ba tare da ka sauya komai ba, idan ya tashi sai ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, kana auna sakamakonsa a cikin zafin garinmu.

Aikin yana farawa ne da zaɓen waya, kuma sharaɗi biyu ne. Na farko, ya kasance ana iya buɗe butlodanta, wato ƙaramar manhajar da take fara tashi idan an kunna waya, wadda take duba sa hannun kamfani kafin ta bari kanel ya hau. Na biyu, ya kasance an fitar da rubutun asalin kanel ɗinta. Xiaomi tana ajiye nata a GitHub ƙarƙashin sunan MiCode, OnePlus da Motorola su ma a GitHub, Samsung tana da shafinta na musamman domin wannan, Google kuma tana da nata na wayoyin Pixel. Huawei ta daina bayar da lambar buɗe butloda tun 2018. Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwanninmu ba a samun rubutun asalinsu, kuma idan babu shi babu abin da za a harhaɗa, in ban da wayoyi masu sabon tsarin da zan yi bayaninsa a gaba, don haka ka bincika tun kafin ka sayi waya domin wannan aiki. Ka nemi sunan ɓoye na wayar, wanda injiniyoyi suke kiranta da shi, domin da shi ake sa wa ma'ajiyoyin rubutu suna, ba da sunan da ke jikin kwali ba. Shawarata ita ce ka sayi ta hannu mai furosesan Qualcomm wadda LineageOS ya riga ya karɓa, domin a nan za ka tarar da kanel da wasu suka riga suka tsabtace. Kada ka yi gwaji da wayar da kake karɓar kuɗi ko kiran iyali da ita.

Buɗe butloda ba ya ɗaukar dogon bayani. A cikin saituna ka taɓa lambar gini sau 7, wadda a wayar da aka saita da Faransanci take fitowa a matsayin “Numéro de build”, sai ka shiga zaɓin masu gina manhaja ka kunna “Déverrouillage OEM” da binciken USB, wato “Débogage USB”. A wayoyi da yawa umarnin `fastboot flashing unlock`, wanda ake rubutawa a kwamfutar da aka haɗa da wayar, ne yake ƙarasa aikin, Xiaomi kuwa tana da tata manhajar da lokacin jira. Ka sani cewa buɗewar tana share duk abin da ke cikin wayar, wasu manhajojin banki sukan ƙi aiki a bayanta, kuma a Samsung akwai alamar tsaro mai suna Knox wadda idan ta ƙone sau ɗaya ba ta dawowa har abada. Samsung kuma ba ta amfani da fastboot, da Odin ko Heimdall ake zuba mata.

Kafin ka ci gaba, ka adana abin da ba ya sayuwa. Ka ciro `boot.img` na asali, wato fayil ɗin da kanel yake ciki, daga manhajar kamfani mai lamba daidai da wadda take kan wayar a yanzu, tare da `dtbo.img` da `vbmeta.img` idan akwai su. Idan manhajar ta zo a dunƙule cikin `payload.bin`, akwai ƙananan kayan aiki da suke warware shi. Sannan ka kwafi ɓangarorin da suke riƙe da lambar IMEI, wato `modemst1` da `modemst2` da `fsg` a Qualcomm, `nvram` da `nvdata` a MediaTek, `efs` a Samsung. Ka ajiye su wuri biyu, domin wayar da ta rasa IMEI ba ta ƙara ganin layi, kuma ba a ɗauko na wata wayar a sa mata.

Yanzu sai ka tambayi wayar wane kanel take ɗauke da shi. Ka haɗa ta da kwamfuta ka rubuta wannan umarni na `adb`, manhajar da kwamfuta take magana da wayar Android ta cikinta:

`adb shell cat /proc/version`

Wannan layi guda yana gaya maka abu biyu masu muhimmanci: lambar kanel ɗin, da kuma maharhaɗin da kamfani ya yi amfani da shi, wato manhajar da take mayar da rubutun asali ya zama kanel, ko Clang ne ko GCC, har da lambarsa. Idan ka ga 4.9 ko 4.14 ko 4.19, wayarka ta tsohon tsari ce, inda kowane kamfani yake da nasa kanel cike da direbobinsa. Idan ka ga abu kamar `5.10` yana biye da `android12`, wayarka tana kan tsarin GKI, wanda zan dawo kansa a gaba. Daga nan ka kwaso saitunan da aka gina kanel ɗin da su ta hanyar `adb pull /proc/config.gz`, wanda wasu wayoyin sai da izinin rut, wato cikakken iko a kan wayar, suke bayar da shi. Wannan fayil zai zama ma'auninka duk lokacin da ka yi shakkar ko saitinka ya kauce wa na kamfani.

Game da kwamfuta, ba sai mai tsada ba. Mai RAM giga 8 da sarari kamar giga 40 ta isa ga kanel na tsohon tsari. Ka sa mata Linux irin Ubuntu ko Debian, ko kuma WSL2, wanda yake tafiyar da Linux a cikin Windows, idan ba ka son rabuwa da Windows, amma a wannan hali ka ajiye rubutun a cikin ɓangaren Linux ɗin, saboda a cikin kanel akwai fayiloli da babu bambanci tsakanin sunayensu sai babban baƙi da ƙarami, irin `xt_CONNMARK.h` da `xt_connmark.h`, kuma Windows yana ɗaukarsu fayil ɗaya ya danne guda. Ka sauke `git`, `build-essential`, `bc`, `bison`, `flex`, `libssl-dev`, `libelf-dev`, `python3` da `ccache`. Na ƙarshen nan yana tuna abin da aka riga aka harhaɗa, ta yadda gini na biyu ba ya cin rabin lokacin na farko, abin da duk wanda wuta ta taɓa ɗauke masa a tsakiyar aiki zai san darajarsa. Da yake mega tana da tsada, ka fara saukar da rubutun ba tare da tarihinsa ba ta hanyar `git`, manhajar da take adana rubutu da tarihin sauye-sauyensa, da `git clone --depth=1`, daga baya idan ka samu intanet mai yalwa ka cike tarihin da `git fetch --unshallow`, domin za ka buƙace shi lokacin haɗa gyare-gyare.

A wajen maharhaɗi ne sabon shiga ya fi ɓata lokaci. Mutum yakan ɗauko Clang mafi sabo yana ganin shi ne mafi kyau, sai ya tarar da ɗaruruwan kurakurai, ko kuma kanel ya ginu lafiya amma waya ta ƙi tashi. Ka nemo irin wanda `/proc/version` ya nuna maka, ko mafi kusa da shi, daga cikin waɗanda Google take ajiyewa domin Android. Bayan haka ka duba cikin `arch/arm64/configs` ka nemi fayil ɗin saiti mai sunan wayarka, ka yi gini a mataki biyu:

`make O=out ARCH=arm64 sunanwaya_defconfig`

`make -j$(nproc) O=out ARCH=arm64 CC=clang CLANG_TRIPLE=aarch64-linux-gnu- CROSS_COMPILE=aarch64-linux-android-`

Wasu tsofaffin kanel suna neman a ƙara musu `CROSS_COMPILE_ARM32`, sababbi kuma `LLVM=1` ya wadatar musu. Idan gini ya tsaya, kada ka karanta layin ƙarshe kaɗai, ka koma sama ka nemo kuskure na farko, domin sauran ƴaƴansa ne. Idan ya kammala, za ka tarar da `Image` ko `Image.gz` ko `Image.gz-dtb` a cikin `out/arch/arm64/boot`.

Kanel ba ya shiga waya tsirara, sai an naɗe shi a cikin `boot.img`. Hanya mafi sauƙi ita ce `magiskboot`, wanda yake zuwa tare da Magisk, manhajar bayar da izinin rut ta John Wu. Ka warware na asali da `magiskboot unpack boot.img`, ka maye gurbin fayil mai suna `kernel` da `Image` ɗinka, ka mayar da `magiskboot repack boot.img`, sai ya ba ka `new-boot.img`. Idan wayarka ta yarda, ka gwada shi ba tare da ka rubuta shi a cikinta ba:

`fastboot boot new-boot.img`

Amfanin wannan umarni shi ne idan kanel ɗin ya ƙi tashi, kashewa da kunnawa sun isa su mayar da kai kan na asali. Ba kowace waya take karɓarsa ba. Wadda ta ƙi sai ka yi `fastboot flash boot new-boot.img`, na asalin yana kusa da hannunka. A wayoyi masu gurbi biyu, A da B, ka duba wanda kake kai da `fastboot getvar current-slot`. Wasu kuma suna buƙatar a kashe binciken sa hannu ta hanyar sake zuba `vbmeta` tare da `--disable-verity --disable-verification`, abin da yakan tilasta share bayanai.

Idan wayar ta tashi, kada farin ciki ya sa ka garzaya wajen gyare-gyare. Ka gwada kira, da saƙo, da intanet na layi, da Wi-Fi, da kyamara, da zanen yatsa, da caji, ka bar ta ta kwana ka ga abin da batir ya ci. Sau da yawa komai yana aiki sai Wi-Fi, kuma dalilin sananne ne: direbansa yana zaune ne a matsayin mojul, wato guntun da ake jona wa kanel daga waje, a ɓangaren `vendor`, an gina shi domin kanel na kamfani, idan lambar shaidar naka ta bambanta sai ya ƙi hawa. A Qualcomm maganin shi ne ka ɗauko direban `qcacld` mai alama daidai da kanel ɗinka daga CodeLinaro, inda rubuce-rubucen Qualcomm suka koma bayan Code Aurora, ka gina shi a cikin kanel ɗin kansa. Idan kuwa wayar ta tsaya a tambari ko tana ta sake kunna kanta, ka mayar da na asali, ka shiga `/sys/fs/pstore` ka karanta `console-ramoops`, ko `/proc/last_kmsg` a tsofaffin wayoyi, domin a nan kanel yake barin kalamansa na ƙarshe kafin ya faɗi.

Sai bayan wannan gini marar sauyi ya yi kwanaki yana aiki za ka buɗe sabon reshe a `git` ka fara taɓawa. Kowane gyara ka adana shi shi kaɗai da bayanin dalilinsa, domin ranar da wani abu ya lalace `git bisect` ya nemo maka mai laifin cikin gini kaɗan.

Abin da ya fi cancanta a fara da shi shi ne tsaro, wato haɗa gyare-gyaren da masu kula da Linux suka fitar bayan kamfanin wayarka ya tsaya. Jerin kanel 4.14 ya ƙare a 4.14.336 cikin watan Janairun 2024, na 4.19 kuma a 4.19.325 cikin Disamban shekarar, don haka idan wayarka ta tsaya can baya, akwai toshe-toshen ɓaraka masu yawa da ba ta samu ba. Ka riƙa haɗa su kaɗan-kaɗan, kana gini kana gwadawa, kuma idan rubutu biyu suka yi karo ka karanta duka ɓangarorin ka fahimci abin da kowanne yake nufi kafin ka zaɓa. Aiki ne mai cin rai, amma a ganina shi ya fi kowane amfani ga wanda zai riƙe wayar.

Daga nan sai zafi da batir, inda nake so ka fi daɗewa. Kafin ka rubuta wani abu a cikin kanel, ka gwada shi a kan wayar tana kunne, tunda yawancin saitunan nan fayiloli ne da mai izinin rut zai iya sauyawa. Zafin batir yana cikin `/sys/class/power_supply/battery/temp`, inda 412 yake nufin digiri 41.2, na sauran sassa kuma yana cikin `/sys/class/thermal`. Saurin furosesa yana ƙarƙashin `/sys/devices/system/cpu/cpufreq`, inda za ka ga mai tsara gudu, wanda a yawancin wayoyin zamani `schedutil` ne, da kuma iyakar gudu ta kowane rukuni. Matakan gudu na can ƙoli su ne suka fi shan wuta, saboda ƙarin gudu yana tafiya da ƙarin ƙarfin lantarki, zafi kuma yana hauhawa fiye da yadda gudun yake ƙaruwa. Saboda haka idan ka sauke manyan ƙwayoyin furosesa mataki ɗaya ko biyu, da ƙyar za ka ji bambanci a WhatsApp ko kallon bidiyo, amma za ka ji shi a tafin hannunka. Ka yi awon da azahar a ɗaki marar fanka, ka rubuta lambobin a takarda, ka sake yi washegari a lokaci guda da saiti na daban, domin awon da aka yi da asuba lokacin hunturu ba ya gaya maka komai game da bazara.

Iyakokin zafi da suke cikin bishiyar na'ura, wato fayilolin `dts` da suke bayyana wa kanel sassan wayar, ka bar su yadda suke, ko ka sauke su ƙasa kaɗan, amma kada ka ɗaga su. Haka ma iyakar wutar caji. Batirin litiyam ba a so a yi masa caji yana sama da digiri 45, shi ya sa direban caji yake rage wuta ko ya tsaya idan ya yi zafi, kuma waya da aka bari a rumfar caji da rana tsaka tana kai wannan iyaka cikin sauƙi. Duk gyaran da aka ce maka yana ƙara saurin caji, ka duba ko wannan kariya ce ya cire. Idan kuma batir yana zuba alhali allo a kashe, ka duba `/sys/kernel/debug/wakeup_sources` ka ga direban da yake hana wayar barci, ka gyara shi a inda yake maimakon ka toshe su gaba ɗaya, domin a cikinsu akwai wanda yake tada waya idan kira ya shigo.

Ga waya mai ƙaramin RAM, zram yana taimakawa ƙwarai: yana matse abin da ba a amfani da shi a cikin RAM ɗin kansa, manhajoji su daina mutuwa a baya. Ka kunna `lz4` idan sauri kake so, ko `zstd` idan matsi kake so kuma furosesan yana da ƙarfi, amma ka tuna cewa rom ne yake ƙayyade girmansa, kanel hanya kawai yake buɗewa.

Wayoyin da suka fito da Android 12 zuwa sama a kan kanel 5.10 ko sabo suna bin tsarin GKI, inda Google take gina gangar jikin kanel guda ɗaya, kamfanoni kuma su zuba direbobinsu a matsayin mojul. Ana saukar da rubutun da `repo` daga ma'ajiyar Google, a zaɓi reshen da ya dace, kamar `common-android12-5.10` ko `common-android14-6.1`, kuma sunan Android da ke cikin lambar kanel ɗin shi za ka bi, ba wanda wayar take kai a yau ba. Tsofaffin rassa da `build.sh` ake gina su, sababbi kuma da Bazel. Sauƙin shi ne ba ka buƙatar rubutun kamfani domin gangar jikin. Takurar kuma ita ce akwai yarjejeniya tsakanin kanel da mojul da ake kira KMI, wadda idan gyaranka ya sauya ta, allo ko caji ko layi suna iya mutuwa nan take. Ginin yana cin RAM da yawa saboda LTO, wani matakin inganta kanel da ake yi a ƙarshen gini, don haka a ƙaramar kwamfuta ka zaɓi nau'in `thin`.

Idan ka kai ga raba wa wasu, ka naɗe shi da AnyKernel3, wanda yake sauya kanel kawai ya bar sauran `boot.img` na mai waya yadda yake, kuma fayil ɗin ba ya wuce ƴan mega da za a iya turawa daga waya zuwa waya. Lasisin da ya ba ka rubutun kamfani ya hau kanka kai ma, don haka ka ɗora naka rubutun a fili daidai da ginin da ka raba, kuma gyaran da ka ɗauko daga wani ka ɗauko shi da `git cherry-pick` domin sunan mai shi ya zauna. A jikin sanarwar ka rubuta sunan ɓoye na wayar, da rom ɗin da ka gwada a kai, da abin da bai yi aiki ba tukuna, da zafin da ka auna da lokacin da ka auna shi, sannan ka haɗa da `boot.img` na asali da umarnin mayar da shi, domin mai gyaran da zai zuba wa wayar wani ya san hanyar komawa idan ta ƙi tashi.